Malam Mai Usur

A ƙasar Ngaski da Yawuri da Shanga abu uku ne ke kiran yaro daga aji, kuma kowannensu ya fi ƙararrawar makaranta ƙarfin murya. Na farko ruwa. Yaro ɗan shekara 12 a Warra, ko a tungayen da ke jere a bakin tafkin Kainji, zai bi jirgin mahaifinsa da asuba ya dawo da hantsi da 'yan kuɗinsa a aljihu. Na biyu gona, shinkafa da damina, albasa da rani, kuma duk wanda ya san albasar Yawuri ya san ba aikin mutum ɗaya ba ce. Na uku ramin zinariya, wanda ya fi sauran biyun zaƙin baki, ya kuma fi su cin rai. Hedimasta na iya aika monita da bulala gida-gida, amma bulala ba ta taɓa yin kokawa da kuɗi ta kai shi ƙasa ba. Malaman da suka iya riƙe yara a wannan yanki wata dabara gare su daban, kuma da yawansu a filin ƙwallo suka yi aikin, bayan an tashi daga makaranta, lokacin da babu mai biyansu ko sisin kwabo.

Wanda na fi sanin aikinsa a cikinsu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da rahama. Malamin firamare ne mai takardar malanta mai daraja ta biyu, irin waɗanda aka yaye da yawa bayan an fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976. Da safe lissafi yake koyarwa. Bayan la'asar sai ka gan shi da usur a wuya, ya naɗe ƙafar wando, yana tura keke da buhun ƙwallo a baya. A aji Malam ake ce masa, a fili Koci.

Makon farko na zango, idan sababbin yara suka zo fili, ba ya koya musu komai. Zai raba su biyu, masu riga da marasa riga, ya jefa musu ƙwallo, ya koma gindin darbejiya ya zauna. Mai wucewa zai ce son jiki ne, alhali a wannan makon yake yin rabin aikin shekara. Mai zura ƙwallo a raga bai dame shi ba, wannan ko makaho zai ji sunansa a bakin yara. Abin da yake dubawa daban ne. In ƙwallo ta faɗa cikin ƙaya, wa ke zuwa ya ɗauko ba tare da an aike shi ba? In aka kwashe wa yaro ƙafa ya faɗi, tashi yake ya bi ƙwallo, ko tashi yake ya bi wanda ya kayar da shi? Wa ke ɗaga kai kafin ya buga? In gardama ta ɓarke, wa sauran ke waiwaya su kalla? Wannan na ƙarshe shi ne kyaftin, ko da bai iya taka leda ba. Har wanda bai shiga wasa ba, ya tsaya a gefe yana gadin silifas ɗin abokansa, Malam na sane da shi, don ya san yara ba sa ba kowa ajiya.

Jiki ma karanta shi yake. Yaron da ya saba tsayawa cikin kwale-kwale yana jefa birgi, jirgi na rawa ƙarƙashinsa bai faɗi ba, ya riga ya mallaki abin da gola ke buƙata: ƙafa mai riƙe ƙasa, kafaɗa, da sanin lokacin da za a saki abu. Sai ya tsayar da shi a raga. Yaran tudu masu takowa daga ƙauye kowace safiya numfashi gare su, su yake sawa a gefe su yi ta hawa da sauka, su ne kuma 'yan dogon gudunsa ranar intahaus. Ɗan ƙanƙanin da ba shi da ƙarfi amma kansa na sama kullum, tsakiya yake ajiye shi. Ba a cika samun yaron da Malam ya rasa inda zai sa shi ba, kuma wannan shi ne bambancinsa da mai horarwar da ke zaɓen goma sha ɗaya ya kori saura gida.

Yadda yake ɗora wa yaro nauyi kuwa, ba daga kwalejin horon malamai ya zo da shi ba. Tsarin masunta ne. Sarkawa da Gungawa ba sa zaunar da yaro su yi masa lacca a kan ruwa. Ranar da ya fara shiga jirgi, gwangwani za a miƙa masa ya riƙa kwarfe ruwa. In ya iya wannan ba tare da an tuna masa ba, sai a bar shi ya warware taru, ya gyara ƙugiyoyin mamari. Daga nan a ba shi filafili a gaba. Zaman baya, inda ake juya jirgi, shi ne na ƙarshe, kuma ranar da uba ya matsa ya bar wa ɗansa wurin, kowa a tunga ya san me ake nufi ko ba a ce uffan ba. Haka Malam ya jera nasa matakan. Sabon yaro jarkar ruwan sha zai ɗauko. Na gaba da shi ya zana layin fili da toka. Sai riƙon famfo da allurar hura ƙwallo, sai busa usur a wasan 'yan ƙananan aji, sai makullin sito. Kowane yaro ya san matakin da yake kai, ya kuma san na gaba, saboda haka kullum akwai abin da zai dawo gobe ya nema.

Makullin nan shi ne ya fi jawo masa surutu a ofishin malamai, domin wani lokaci tsallake layi yake ya damƙa shi ga yaron da ya gagari kowa. Akwai wani da aka riga aka yi wa shaidar ɗan hali a unguwa. Malam ya kira shi gaban 'yan wasa duka.

"Zo nan, ɗana. Daga yau ƙwallayen nan a hannunka suke. In ɗaya ta ɓata, ba kai za a tambaya ba, ni za a tambaya."

Abokan aikinsa suka ce an ba kura ajiyar nama. Amma a duba maganar da kyau. Bai yi wa yaron barazana ba, bai sa shi rantsuwa ba. Mutuncinsa ya ɗauka ya sa a tafin hannun wanda bai taɓa jin wani babba ya yarda da shi ba. Ba kullum dabarar ke ci nan take ba. Ƙwallo ɗaya ta yi ɓatan dabo a zangon farko, Malam ya sayi wata da albashinsa, bai ce komai ba, bai kuma karɓe makullin ba. Bayan wannan ko allurar famfo ba ta ƙara salwanta ba.

Horar da yara shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne iyayensu, kuma sai an san tarihin wurin za a gane dalili. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da gungunan da Gungawa suka zauna a kai tun kaka da kakanni, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka kai su sababbin matsugunai. Dattijon da ya ga haka da idonsa, ko ya ji daga bakin mahaifinsa, yana da hujjar yin ɗari-ɗari da duk wanda ya zo masa da takarda a hannu yana cewa alheri ake nufinsa da shi. A 1989 an kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, daga baya aka shigar da 'ya'yan masunta masu ƙaura cikin aikinta. Abu ne mai kyau, sai dai doka ba ta zuwa tunga ta zauna a tabarma. Malam shi ke zuwa.

Yakan kintaci lokacin da ake ɗinkin taru a inuwa. Ya yi sallama, ya zauna, ya kama bakin taru ya riƙe wa maigida. Ya tambayi ruwa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi kuɗin bandar tarwaɗa a bana. Maganar makaranta ba ta fita daga bakinsa har sai uban ya ƙosa.

"Malam, lafiya dai? Ko yaron nan ya yi wani abu ne?"

"Lafiya lau, Baba. Zuwa na yi in gaya maka, duk cikin yaran da ke hannuna ban ga mai natsuwarsa ba. Ka iya tarbiyya."

Uban da ya saba malami ba ya zuwa sai da ƙara, nan take jikinsa ke yin sanyi. Sai a lokacin Malam zai faɗi abin da ya kawo shi.

"Aro na zo, Baba. Asuba taka ce, ranar kasuwa taka ce. Daga ƙarfe takwas zuwa azahar, da ɗan abin da ke tsakanin la'asar da magariba, su nake so ka ara mini."

Bai taɓa sa uba ya zaɓa tsakanin kamun kifi da boko ba, don ya san wanda zai sha kaye. Raba ranar yake yi, ya bar wa uban kaso mai tsoka, ya kuma cika alkawari. In ranar kasuwa ta faɗo a kan ranar wasa, wasan ake ɗagawa. In abin ya ci tura sai ya bi ta wajen Sarkin Ruwa ko limamin tunga, amma ba ya farawa da su, kada uban ya ji an kai ƙararsa.

Da yaro ya shigo hannu, doka ɗaya ce ba ta da sassauci: wanda rajista ba ta gan shi da safe ba, fili ba zai gan shi da yamma ba. Kowane koci na iya faɗin haka. Ana gane mai gaskiya ranar da dokar ta faɗa a kan gwaninsa. An taɓa yin wasa da wata makaranta daga Yelwa, gari ya cika fili, mai ci musu ƙwallo kuwa ya yi fashin kwana biyu a makon ya bi zinariya. Malam ya ba shi jarkar ruwa ya riƙe a gefe. Aka ci su. Manyan gari suka yi ta zaginsa har a majalisar dare, amma daga ranar babu ɗan wasan da ya ƙara gwada shi.

Tsawatarwarsa ita ce abin da na fi so a yi koyi da shi. Ba ya yi wa yaro faɗa a gaban jama'a. In an tashi sai ya ce wane ya ɗauko buhun ƙwallo ya raka shi gida, a hanya ake maganar, kuma yawancinta tambaya ce. "Da ƙwallon nan ta zo maka, wa ka gani a damanka?" In yaron ya ce bai ga kowa ba, to an gano ciwon, kansa a ƙasa yake. In ya ce ya ga wane amma ya buga da kansa, wannan wani ciwon ne daban, maganinsa ma daban. Ranar da aka ci su ba ya bitar wasa sam, sai washegari, domin zuciya in ta yi zafi kunne toshewa yake. Kafin ya yanke wa yaro hukuncin ragwanci kuma sai ya bincika ko ya ci abinci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi ya sa ba a raba jakarsa da ƙuli-ƙuli da garin rogo. Usur na ƙarshe kafin kiran magariba yake busa shi, ko ana tsakiyar kai hari, da azumi kuma a rage gudu a koma koyon miƙa ƙwallo. Waɗannan ƙananan abubuwa su suka sa liman bai taɓa yin huɗuba a kan filinsa ba.

A nan dole in yi tsokaci kan masu kiran kansu koci a yau, waɗanda ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin Turai, su rage wa yaro shekaru a takarda, su cire shi daga makaranta saboda gwajin da ba za a taɓa yi ba. Waɗannan dillalai ne. Malam ya san cikin ɗaruruwan yaran da suka ratsa filinsa da wuya a sami ɗaya da ƙwallo za ta ciyar, kuma bai taɓa ɓoye musu ba.

Irin idon nan nasa akwai wanda ya kai shi har duniya ta sani. A Zariya, wani Ba'amurke mai suna Oliver B. Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya yana buga ƙwallon ƙafa, sai yana wajen shekara 13 ya koma kwando. Ujiri bai taɓa buga wasa a gasar NBA ta Amurka ba. Abin da ya kai shi can shi ne iya hango baiwa a jikin yaro tun ba ta bayyana ba. Ya fara yi wa ƙungiyar Orlando Magic wannan aiki ba albashi, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na gasar yana Denver, a 2019 kuma Toronto Raptors da yake shugabanta ta ɗauki kofi. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, yana dawowa yana tara yara a sansanonin horo. A ganina babban abin da ya gada daga malaminsa na Zariya kallon nan ne, jefa ƙwallo a kwando kuwa kowa na iya koya masa.

Mu a Arewa mun iya tuna malaman da suka bar alli suka hau mulki. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931. Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu a farkon shekarun 1950. Sarkin Yawuri Muhammad Zayyanu Abdullahi malamin jami'a ne, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta a 1999. Wanda ya tsaya a aji har ritaya, sai dai ɗalibansa su yi masa addu'a.

Akwai darasi guda da Malam ke bayarwa wanda ba ya cikin manhaja, shi ne iyo. Mutane na ɗauka duk ɗan bakin tafki ya iya ruwa, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan gaskiya ne ga ɗan masunci. 'Ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikata da yaran tudu fa? Su ma jirgi suke shiga, da yawansu kuma ko a ruwa iya wuya ba za su kai labari ba. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya ɗauko mutane fiye da ƙima daga ɓangaren Jihar Neja ya nitse kusa da Warra, aka yi asarar rayuka masu yawa, ciki har da mata da yara. Malam bai ga wannan rana ba, amma irinta yake gudu tun da daɗewa.

Wuri mai yashi yake nema, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, nesa da kututturan itatuwan da tafki ya binne, waɗanda ke fasa jirage har gobe. Ba ya farawa da hannu da ƙafa. Tsoro ake fara cirewa: yaro ya tsoma fuska, ya hura iska ta hanci, ya ɗago, ya sake, har ya daina firgita. Sai kwanciya rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ciki sama, mutum ya gane ruwa na iya ɗaukarsa in bai yi kokawa da shi ba. Sai rungumar jarka marar komai da murfinta a rufe, abin da ba a rasa shi a kowane jirgi. Darasin da ya fi nanatawa shi ne na ceto. Mai nitsewa ba ya cikin hayyacinsa, duk abin da ya kama danne shi zai yi, saboda haka ba a miƙa masa hannu. A miƙa masa gora ko filafili, a jefa masa igiya ko jarka. In dole sai an shiga, ta bayansa ake zuwa. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa kuma, Malam ya gaya masa tsargiya ce daga ruwa, asibiti za a je, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa.

Su wa ke koyarwa a wannan darasi? 'Ya'yan masunta, waɗanda galibi su ne a ƙarshen aji saboda fashi. Malam a gaɓa yake tsayawa da usur, su ne cikin ruwa suna tallafe da ɗan ma'aikaci mai zuwa na ɗaya a jarrabawa. Yaron da ya wuni ana ce masa daƙiƙi ya wayi gari ana kiransa ya nuna yadda ake yi. Washegari a aji sai Malam ya zaunar da su benci ɗaya, a biya bashi da lissafi. Duk wanda ya kalli tseren jirage da na iyo a bikin Rigata na Yawuri ya san gwanintar da ke jikin yaran nan. Malam shi ne ya gano yadda za a shigo da ita makaranta.

Wajen 'yan mata aikinsa bai yi nisa haka ba, ba kuma zan ƙawata shi ba. Yakan haɗa kai da wata malama a yi musu gudu da ƙwallon raga cikin harabar makaranta, amma yawancinsu kafin aji shida talla ko aure ya ɗauke su. Harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni 2021, inda suka kwashe ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida, ya ƙara wa masu wannan aiki a yau nauyin da Malam bai ɗauka ba.

Abu na ƙarshe da ya iya, wanda ke gagarar masu horarwa da yawa, shi ne sakin yaro in lokaci ya yi. Wata shekara ya sami gola irin wanda ba a samu kullum, ɗan masunci, ya kai aji shida. Hedimasta ya kira Malam ofis ya kawo shawarar a maimaita wa yaron aji, ko makaranta ta ɗauki kofin ƙaramar hukuma baɗi, tunda uban ma ba zai damu ba. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in yi tunani." Ya fita ya cike wa yaron fom ɗin jarrabawar shiga sakandare, ya biya daga aljihunsa, ya koma tunga ya riƙe bakin taru har uban ya amince. Da sakamako ya fito, shi ya ɗaura akwatin yaron a bayan kekensa ya kai shi tashar motar Yelwa. Shekarar da ta biyo baya tun zagayen farko aka fitar da su daga gasa, hedimasta kuwa sai da ya yi zango guda ba ya amsa gaisuwarsa.